Kwana Biyar Ba Loma

Shekara ashirin da biyu ina niƙa a Tudun Hatsi,
gero, dawa, masara, har waken ƙosai.
Na san kukan injina in ya ƙoshi, na san na yunwa,
amma sai da aka tsaga ni a asibitin Gombe
na ji labarin wanda nake yawo da shi cikin riga.

Hanji ne ya murɗe, in ji likita.
Suka yanke taƙi guda, suka ɗinke sauran.
Kwana biyar ba loma, ba kurɓi,
sai ruwan leda na ɗiga ta jijiya,
na gadon kusa yana ɗura masa da miyar taushe,
ni ina ƙirga ƙudajen rufi.

Kowace safiya Sista Rifkatu, 'yar Billiri,
ta kara abin saurare a cikina, ta ce ba kunya:
"Baba Manu, iska ta fita?"
Da furfurata!
Ran Laraba ta fita.
Aka yi mini barka kamar an yi mini haihuwa.

Ta kawo koko rabin kofi, ta ja kujera.
"Sha a hankali, in ba ka labarin hanyarsa.
Aiki daga baki yake farawa:
haƙori ya ɓarza, harshe ya juya,
yawu ya jiƙa, ya soma mai da tuwo zaƙi
tun ba ka haɗiye ba.
Ɗan murfi ya rufe ƙofar numfashi,
ranar da ya makara, ranar ka ƙware.
Maƙogwaro ya matsa, ya tura,
yadda ake tatsar nono.

Tumbi kuwa ƙwarya ce mai dama kanta.
Ruwan tsaminsa na narka tsoka,
bai cinye mai shi ba don bangon da yauƙi aka shafe shi.
Ya yi ta kirɓi, awa biyu, awa huɗu,
ya mai da naman sallah kunu,
sannan ya saki kaɗan-kaɗan, kamar marowaci."

Na ce, to ina rariya? Niƙa ba tankaɗe ai ɓarna ce.
Ta yi dariya har hularta ta karkace.

"Can inda aka ɗinke maka.
Kamu goma sha biyu, a naɗe kamar igiyar guga.
Maɗaciya ta zubo ɗacin da hanta ta dafa,
ya wargaza maiƙo
yadda sabulu ke yi wa kwanon manja.
Wata tsoka kwance bayan tumbi ta aiko nata ruwan,
ya tsinka abin da ya saura, zare-zare.
Cikin hanjin duk gashi ne kamar tawul,
kowane sili da bakinsa,
yana tsotsa, yana miƙa wa jini,
jini ya kai hanta awo,
ta ajiye na ajiya, ta raba na rabo
har ɗan yatsan ƙafarka ya samu.
Dusar ta wuce babban hanji,
ya tsame ruwansa,
ƙananan halittu can ciki su yi kalaci,
iskar da muka yi ta jira, tasu ce."

Yau na koma rumfa, da tabo daga cibiya zuwa mara.
Bappa yarona na haɗiye ɗanwake ba tauna,
na ce kai, ka taɓa ganin na zuba tsakuwa a inji?

Ni da ban niƙa wa kowa bashi,
ko tiya ɗaya,
shekara hamsin da takwas ana yi mini niƙa,
ina barci ana yi, ina faɗa ana yi,
ba fetur, ba a taɓa aiko mini da lissafi ba.

Da azahar Dudu ta aiko da tuwon masara.
Na kashe inji.
Na yi bisimilla, na yanki loma ƙarama,
na tauna, na tauna,
har na ji zaƙin da Rifkatu ta faɗa.