Ayu Bakwai a Kan Allo

Talata, bayan an dawo tara,
aji biyu na ƙaramar sakandare a Tudun Wada.
Fanka ta mutu tun zangon bara,
yara hamsin da shida, benci sha tara.
Na shigo da takarda ɗaya a aljihu,
ninkin da ta sha har ya fara cin tsakiyarta.

Na ce, yau ƙididdiga za mu yi,
amma lemo da mangwaron cikin littafi su huta.
Dabbobin ruwa na kawo muku,
masu huhu irin namu,
masu ba 'ya'yansu nono a ƙarƙashin igiyar ruwa.

Mudi ya ce, Malam, mu da tekunmu Kubanni,
ita ma rani ya shanye rabi?
Asabe ta ɗaga hannu:
ko shi ne wanda ya haɗiye Annabi Yunusa?
Na ce wancan ya fi ƙarfin allonmu,
yau ayu ne baƙonmu.

Na rubuta mintin da kowanne ya yi a nutse
kafin ya leƙo da hanci ya sha iska:
uku, huɗu, huɗu, huɗu, biyar, biyar,
sai goma sha bakwai.

Ku tara, ku raba gida bakwai.
Biro ya yi ta kuka a bayan littafi,
wasu na ƙirga da gaɓoɓin yatsu.
Shida! aji ya ɗauka.
Lantana ba ta ɗauka ba.
Malam, ina shidan?
Na duba, babu ayun da ya yi shida.

Na ce haka matsakaici yake, 'yata,
tuwon gidan yawa ne:
a baki an raba daidai,
a akushi lomar wani ta fi ta wani.

Sai muka jera su kamar jarkoki a layin famfo,
muka taɓa ta tsakiya: huɗu.
Muka nemi wadda ta fi yawan dawowa,
huɗu ce dai, kamar mai bin bashi.
To wa ya ja mu zuwa shida?
Yatsu hamsin suka nuna ƙarshen layi.

A goge shi, Malam, shi ke ɓata lissafi!

Har na ɗauki tsumma.
Daga bencin baya, inda rufi ke yoyo da damina,
Ishaya, wanda ban san muryarsa ba sai a kiran suna,
ya ce, kar a goge.
Ba don daɗi ya daɗe ba.
Wani abu ya gani a sama.
Kawuna yana sayar da man ayu a kwalba,
bakin tasha, Sabon Gari.

Allin ya tsaya a hannuna.
Shekara goma sha ɗaya ina koyar da tazara,
babba a cire ƙarami, a ja layi biyu,
ban taɓa tambayar me ke zaune a cikinta ba.
Minti goma sha huɗu,
wataƙila inuwar kwalekwale ce,
wataƙila mashi.

Na ajiye tsumman, na kwance agogo.
Kowa ya toshe hanci, mu auna namu.
Kumatu suka kumbura, idanu suka yi ja,
Asabe ta fashe da dariya a daƙiƙa tara,
Mudi ya wuce sittin,
ya tona wa kansa asirin wankan rafi
da uwarsa ta hana.
Muka rubuta duka, ba mu goge kowa ba.

Da dare, an ɗauke wuta,
ina duba aikinsu da fitilar waya.
Ishaya ya ci shida, ya ci huɗu, ya ci sha huɗu.
A ƙasan shafi ya zana wani abu
mai kama da buhun masara da gashin baki,
ya rubuta: ya fito daga baya?

Takardata ba ta faɗa ba.
Na riƙe jan biro, na riƙe numfashi,
ban kai arba'in ba.