Huɗu Saura Kwata a Makassar

Ƙarfe huɗu saura kwata.
Makassar na barci, teku na tari a bakin Paotere,
ni kuwa na ɗora butar kofi,
na jingina waya da kwalbar yaji,
ina jiran yara goma sha ɗaya
su fito cikin ruwan saman da ba zai jiƙa ni ba.

Ba ni na zaɓe su ba.
Wani ma'aikacin jirgi ne mai jan hanci
ya sha kofi uku a rumfata,
ya laluba aljihu, wayam.
Sai ya kwance mayafin wuyansa na ulu,
shuɗi da fari, da sunan wani gari a jiki,
ya ce in riƙe, zai dawo.
Shekara goma sha tara ke nan.
Shi ya ci bashin, ni nake ta biya.

Ulu, a ƙasar da zufa ke tashin mutum daga barci!
Halwatia ta ce in bar wa kyanwa ta haihu a kai.
Na rataye shi a ƙusa, saman gwangwanin sukari.

Da can a jarida nake ganin sakamako,
bayan kwana biyu, a lungun shafi,
kamar labarin rasuwa daga ƙauye.
Yanzu na san ranar da iska ke kaɗawa daga arewa
a garin da ban taɓa taka ba.
Na san ciyawarsu na caɓewa ta gefen hagu.

Na ɗauka can kowa ya ƙoshi.
Sai kyamara ta kauce wata rana,
ta nuna bayan fili:
masana'anta a kulle, tagogi a farfashe,
da maza masu giɓi, riguna sun koɗe,
suna rera waƙa alhali an zura musu uku.
Na ce, ashe!
Waɗannan ai masuntan unguwarmu ne, sanyi kawai ya ɗashe su.

Ana tafiya hutun rabin lokaci, ladan na gyara murya.
Allah Ya yafe mini,
na taɓa saka mai tsaron gida a addu'a.

Akwai wani tsoho a bayan raga,
hula rawaya, da kwalbar shayi a cinya.
Ko an ci ko an sha kashi, kai kawai yake girgizawa.
Shekara shida ina gaishe shi a zuci.
Wata Talata kujerar ta fito babu kowa,
sai hular, an ɗora ta a kai.
Ban ga sauran wasan ba.
Ban san sunansa ba, balle in ce wane ya rasu.

Da gari ya waye na zauna ina lissafi:
na san gwiwar ɗan bayanmu, wace jijiya, wata nawa,
amma Daeng Ngalle, katanga ɗaya tsakaninmu,
kwana arba'in bai fita teku ba
ban tambayi ƙafarsa ba.
Na zuba kofi a leda, na ƙwanƙwasa ƙofarsa.
Ya daɗe yana kallona kafin ya matsa mini tabarma.

Ɗana Mappiasse yana bin masu ɗaukar kofi duk shekara.
Ya ce, Baba, ko sanin kana duniya ba su yi ba.
Gaskiyarsa.
Ruwan sama ma bai san shinkafa ba.

Yau biyu da nema.
Masunta sun shigo, ƙafa duk gishiri,
suna dariya tun daga ƙofa: an ci ku?
Na ce an ci mu.
Na ji kalmar a bakina, mu,
'yar mitsitsiya, ta haye teku uku ba fasfo.
Na karkaɗe ƙura daga mayafin,
na ƙara wuta a ƙarƙashin buta.
Asabar muna waje.