Kalma ta Uku

Sun ce ya cire agogo, ya cire zoben aure,
ya ajiye makullin gida a cikin tire.
Babana, Rigoberto Ulloa,
wanda ya shekara talatin da ɗaya
yana jan tarago da igiyar ƙarfe
a jikin tsaunin Valparaíso,
ya tsaya cikin rigar asibiti mai ɗauri ta baya
yana tambaya ko maganaɗisun
zai zare masa haƙorin azurfa.

Aka tura shi cikin bututu, kai a gaba.
Na'urar ta kama bugu
kamar ana gyaran jirgi a tashar ruwa.
Ta gilashi ƙafafunsa kaɗai nake gani,
safa ɗaya shuɗiya, ɗaya baƙa.

Da safe likita ta ba shi ajiyar kalmomi uku.
Bayan minti biyar ya dawo da biyu:
lemo, kujera.
Ya lalubi ta ukun kamar mai neman canji a aljihu,
ya yi dariya, ya ce ta tafi kasuwa.

Dakta Cárcamo ta juyo mana da allo.
Ga kan babana yanka-yanka kamar burodi,
toka-toka, ba jini, ba suna.
Ta ɗora bakin biro a kan wani ɗan abu
lanƙwasasshe, bai kai ɗan yatsa ba.
Dokin teku, in ji ta, haka masana ke kiransa.
Shi ke ɗaure abin da ya faru yau
kafin ya zama jiya.
Na hagu ya ɗan rame.
Ba sosai ba.

Sai wani hoto mai zare-zare, kore da ja.
Ta ce wannan sawun ruwa ne:
a lafiyayyar jijiya miƙe yake tafiya,
inda bango ya soma zaizaya
sai ya malala gefe.
Babana ya gyaɗa kai.
Igiya ba ta tsinkewa rana ɗaya, in ji shi,
sili guda ke fara tashi,
tafin hannu ke jin sa kafin ido.

Na ce, to, shi ke nan?
Ta ce ba ta sani ba.
Wasu kan tsaya a nan shekara da shekaru,
wasu su gangara.
Hoto ba ya duba.
Mu dawo baɗi ta jera su biyu.

A tarago muka koma.
Yaron da ke kan aiki bai san shi ba,
ya karɓi kuɗinsa kamar na kowa.
Babana ya rufe ido, ya kasa kunne.
Ƙafar baya ta dama tana son mai, ya ce,
kuma da muka tsaya na leƙa: a bushe take.
A tsakiyar hawa muka yi kiciɓis da mai saukowa,
taga ta gifta taga,
teku a ƙasa fal da jiragen kaya.
Ɗaya ba ya hawa sai ɗaya ya sauka.
Ya sha faɗa mini haka tun ina goye a wuyansa.
Yau ya faɗa sau biyu.

Ƙarfe ɗayan dare aka ƙwanƙwasa ƙofata.
Yana tsaye da safar nan da ba ta dace ba,
fuskarsa kamar wanda ya ci caca.
Gishiri, ya ce.
Na ce ita ce, Baba, je ka kwanta.

Na ji takunsa har ɗaki.
Na ji tarin da yake yi kafin barci.
Ni ma fa ina wurin da safe,
riƙe da kwat ɗinsa,
ina lissafin kuɗin wuta a zuci.
Lemo. Kujera.
Na juya ta har gari ya waye,
ban tabbata gishiri ba ce.