Sunan da Aka Raɗa Mini a Dilimi

Na dawo Jos da ƙafa ɗaya da rabi,
da sandar ƙarfe, da koren fayil
wanda ya sha zuwa Abuja har ya fi ni sanin hanya.
Ran Litinin a ce Laraba,
ran Laraba a ce mai sa hannu ya fita.
Ragowar ƙafar tana can cikin yashin gabas,
nakiya ta karɓa, ba ta ba da rasit ba.

Sai wata takarda ta ce: je ka Dilimi,
shago na huɗu bayan masu gyaran rediyo,
ka nemi Habila Dung, zai koya maka ɗinkin takalma.
Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Kuturu da zobe ke nan, na ce.

Sallama uku, ba amsa.
Ni da nake daka wa mutum talatin tsawa a fareti
su daskare kamar duwatsun Shere,
ga ni ina ihu a ƙeyar mutum
yana ta goga wa zarensa kakin zuma.
Yaron shago ya taka katakon ƙasa sau biyu,
sannan ya waiwayo.

Bai dubi ƙafar wandon da na naɗe ba.
Hannuna ya kama, ya juya tafin,
ya latsa kantar da kunamar bindiga ta bari,
ya gyaɗa kai kamar mai tayin fata,
ya damƙa mini basilla.

Wata uku yatsuna suna in'ina.
Na koyi "ja", na koyi "sassauta", na koyi "sake".
"Sake" ta fi yawa.

Wata Alhamis tayar tirela ta fashe a bakin titi.
Ban san sa'ad da na shige ƙarƙashin tebur ba,
ina laluben bindigar da na mayar tun bara waccan.
Shi bai ji komai ba. Ni ya gani.
Ya sauko cikin tarkacen roba da warin gam,
ya ɗora tafina a ƙirjinsa
har bugun nawa ya koyi tafiyar nasa.
Bai ce "yi haƙuri" ba.
Dama kunnena ya ƙoshi da ita.

Su da hannu suke raɗa wa mutum suna.
Na jira nawa ina fargaba,
na ce ɗingishi za su kwaikwaya, ko sarawar soja.
Ranar da aka yanka mini, a kan shayi da biredi,
sai Habila ya kai ɗan yatsa ga haƙoransa na gaba:
Mai Wushirya.
Ashe ya ga na yi dariya.
Ni ban san ta dawo ba.

Jiya wata malamar asibiti ta sayi ɗinkina na farko,
baƙi, lamba talatin da takwas.
Ba ta cire ba, a ƙafa ta tafi da su.
Na leƙa ina bin su da ido cikin yayyafi,
dama, hagu, dama, hagu,
ba wanda ya ba su umarni.

Fayil yana Abuja har yanzu.
In sun kira, su yi haƙuri su ma,
ina da sawu shida da zan gama kafin Asabar.