Mai Usur a Bakin Dilimi

Ranar wata Laraba suka zo da farar mota,
suka auna gaɓa da igiya, suka cika takarda,
suka ba ni usur, da tocila, da sanda mai jan fenti.
"Malam Cindo, in ruwa ya taɓa jan nan, ka busa."
Ba su tambayi wa zai ji ba.

Ga Agusta ya raba tsakiya.
Ina zaune kan buhun yashi, sanyin Jos na cin gwiwata,
Dilimi na wucewa da tarkacen mutanen gari:
leda, kwalabe, warin silifas, ƙafar kujera,
ɗazu har da mushen akuya, ciki a kumbure.
Jiya saura taƙi uku ya kai jan.
Yau taƙi ɗaya da ɗan yatsa.

Ni kuwa gidaje nake ƙirgawa.
Barau tela kurma ne, ko aradu ba ta tashinsa.
Kaka Chundung shekara biyu ba ta taka ƙasa ba,
jikan da ke goya ta yana gadin dare a Bukuru.
Azumi na jego, kwana huɗu yau,
ɗakinta ne na ƙarshe, ginin laka,
bayansa tsohon ramin kuza
ya cika ya batse, kore shar, ba wanda ya san gindinsa.
Masu haƙa sun tafi da arzikin,
mu muka gaji ramin.

An ce mu tashi mu koma tudu.
Tudu da masu shi.
Fuloti ɗaya can ya fi kabejin da zan noma har in mutu,
kuma kabejin nan, da karas, da latas,
wannan ruwan ne ke shayar da su da rani.
Wanda ya ciyar da kai a Maris,
ya dawo neman ranka da damina,
da wane baki za ka zage shi?

Bara waccan da asuba ya zo, ba sallama.
Ya ɗauki gadar katako, ya ɗauki rumbun Jatau,
ya ɗauki Tanimu, ɗan shekara tara,
da ya koma ciro tantabarunsa.
Tantabarun sun dawo.
Har yau uwarsa na zuba musu dawa,
ba ta kuma wanki a rafi.

Yanzu hadari ya haɗu kan duwatsun Shere,
kwaɗi sun yi tsit,
hasken tocila ya fara ja.
Na sa usur a baki, ƙarfen da ɗanɗanon tsatsa.
In na busa, masu ƙafa za su gudu.
Sai in zaɓa: ƙofar Barau,
ko ɗakin mai jego,
ko tsohuwar da ke jiran a ɗauke ta.

Baya ɗaya Allah Ya ba ni.
Na sake haska sandar.
Saura ɗan yatsa.