Mai Gadin Gidan Da Ba A Gama Ba

A Aboabo aka binne cibiyata,
bayan ɗakin da yanzu ake sayar da wayoyi.
Shekara ashirin da uku ina biyan haya,
ban taɓa sa Hajiya Memuna ta aiko sau biyu ba.
Da ta rasu, magada suka zo da ejan
mai farin takalmi, yana auna bango da ido.
Ya ce kuɗin shekara biyu, a dunƙule, a hannu.
Na ce, yaro, keken ɗinki ba ya haifar tagwaye.
Ya yi dariya. Ya ba ni wata uku.

Muka ɗaure katifa a kan turoturo,
Barikisu ta rungume tukunyar koko kamar jinjiri.
Muka wuce Kenyasi, kwalta ta gaji ta tsaya,
jar ƙasa ta karɓe mu.

Ga ni yau a gidan wani da ke Jamus.
Ɗaki goma sha ɗaya, biyu ne ke da rufi.
Rodi ya miƙe sama kamar yatsun mai roƙon ruwa,
ya yi tsatsa, bai sauke hannu ba.
Ba na biyan ko kwabo. Ni ne ƙofa, ni ne kare.

Maƙwabcina Opanin Boakye
yakan nuna mini gonarsa da sanda:
nan bishiyoyin koko suke, nan rogo, nan ayaba.
Ni dai turakun siminti nake gani, kowanne da lamba.
Ya ce filin farko ya tafi a kuɗin tumaki uku,
na bara kuwa ko ɗansa malamin makaranta
sai ya yi shekara goma bai ci abinci ba.
Jikokinsa suna Kejetia, suna kwana a shago.
'Ya'yan ƙauye sun shiga birni,
mu 'ya'yan birni an tofo mu ƙauye.
Mun yi kiciɓis a hanya, kowa da ƙunshinsa,
ba mu ko gaisa ba.

Wani dare na ƙirga gidajen layinmu:
arba'in da ɗaya.
Tara ne ke kunna fitila.
Sauran na ƙadangaru ne, su ba a tambayarsu adibas.

Mu shida ne ke sallah a nan,
a falon da sama ce rufinsa.
In hadari ya taso, liman yakan ɗauko gajeriyar sura.

Barikisu tana tashi ƙarfe uku
don kokonta ya riski masu sammako a tsohuwar unguwa.
Kuɗin mota ya cinye ƙosai, ya lashe man.
Fuseni ya kai kayan gaisuwa tun bara waccan,
yarinya na jira, akwati na jira,
ɗakin da za a kai ta ne ba a haifa ba.

Jiya mai gida ya bugo waya.
Zai zo Kirsimeti, zai yi rufi, zai sa tayil.
Ya gode mini ƙwarai. Na gane godiyar.
Kuɓewar da na shuka a ɗakin baƙinsa
ta fara fure, ban gaya masa ba.

Kowace Juma'a nakan sayi bulo ɗaya.
Suna bayan gida, ɗari biyu da sha huɗu,
a jere, na lulluɓe su da leda.
Bango nake da shi, Opanin,
ƙasar da zai tsaya a kai nake nema.