Awa Bakwai a Kofanhagen

Uwani, matso da kujerar, karɓi wayar ki gani.
Bar gogewa da bakin zane, tsagin gilashi ne, ba datti ba.

Wata tara ina can ƙasan jirgi ina guga,
hawa goma sha biyu a bisa kaina.
Masu hutu na rawa a sama, ni ina ninke zanen gadonsu.
Teku kuwa ta taga ɗaya na san ta,
taga iyakar faɗin faifai.

Ranar da aka ɗaure jirgi a Kofanhagen
shugaban wanki ya dubi agogo:
awa bakwai, Inuwa, ka ƙara minti ɗaya, kai ka sani.

Na taka ƙasa, ƙasa ta ƙi tsayawa.
Ƙafa ta saba da lilo.

Ga gidajen nan, ja, rawaya, shuɗi,
jere a bakin ruwa kamar atamfa a shagunan Taminus.
Kekuna ba iyaka, kuma ba mai ihu.
Wata tsohuwa ta kaɗa mini ƙararrawa,
ashe a kan hanyarta na tsaya ina ƙauyanci.

Sanyi? Haba, ɗan Jos ne ni,
Agustan Bukuru ya fi shi haƙora.
Rana ce dai ta ƙi faɗuwa,
na riƙe alwalar magariba har ta tsufa a jikina.
Na sayi burodi guda da kofi,
na kuskura na lissafa da naira,
sai lomar ta tsaya a wuya: rabin buhun dankalin Bokkos.

Tsaya a wannan.
Mutum-mutumi ne, wani masunci, duk ya yi kore.
Mai yi wa baƙi bayani ta ƙwanƙwasa shi da zobe,
ta ce gauraye ne, jan ƙarfe da kuza.

Kuza, Uwani.

Sai ga Baba a idona, kwano a ka,
daga rami zuwa sikeli, daga sikeli zuwa rami,
da tarin nan da ya raka shi har makwanci.
Ban ce tamu ce ba,
ƙarfe ba ya faɗin garinsu.
Amma da baƙin suka yi gaba
na ɗora tafina a gwiwar masuncin,
na ce masa sannu da zama,
yaya baƙunta?

Na koma jirgi da saura minti huɗu.
Hoton ƙarshe yatsana ya cinye rabinsa.

Kawo wayar, caji ya yi ja.
Gobe in ruwa ya ɗauke mu je Refil,
ramin da su Baba suka haƙa ya zama tafki,
an ce har kwalekwale aka zuba, ana biya a zagaya.
Ni zan biya mana.
Wannan karon a sama zan zauna.